Labarin Kampung Baru Da Masu Kwana Goma Ba Magana

Jama'a, dattawanmu da 'yan kasuwa, yau za mu ba ku labarin wata unguwa da muka gano a ƙasar Maleshiya, can gabas da Indiya, da abin da muka samo a wurin game da natsuwar zuciya. Sunan unguwar Kampung Baru, watau Sabon Ƙauye da harshen mutanen ƙasar, kamar dai yadda mu ke cewa Sabon Zongo a Ankara. Tana tsakiyar Kuala Lumpur, babban birninsu.

Shi birnin haƙar kuza ce ta kafa shi wajen 1857, a inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Sinawa suka yi yawa a ciki, su ne masu haƙa, su ne masu kantuna. To, a 1900, zamanin Sulaiman Sarkin Selangor, sai Turawan Ingila suka yanka wa Malayawa, watau 'yan asalin ƙasar, fili fiye da eka 200 a bakin kogin Klang, don su zauna su yi noma kusa da birni. Aka yi doka ba mai mallakar ƙasa a ciki sai Bamalaye, kuma dokar nan tana nan har yau.

Birni ya yi ta girma har ya kewaye ƙauyen ta ko'ina. Yanzu in ka tsaya a lungu sai ka ga gidajen katako bisa dirkoki, ga ayaba da kwakwa a tsakar gida, ga kaji suna tono. In ka ɗaga kai kuwa, sai ka ga tagwayen benayen Petronas a hayin kogi, kowanne hawa 88, tsawonsa mita 452. Tun 2020 akwai gadar ƙafa da ta haɗa unguwar da wancan hayi. Filin ya yi tsada ƙwarai, hukuma ta sha taya shi don a rushe a yi manyan gine-gine, amma magada sun yi yawa, da yawansu kuma sun ce ba su rabuwa da gidan kakanni. Ku da kuka san yadda a ke zawarcin filayen zongo, ba sai mun yi muku dogon bayani ba.

Kada wani ya zaci wurin shiru ne. Da magariba ta yi sai tituna su cika da masu sayar da abinci, musamman shinkafar nan da su ke dafawa da madarar kwakwa, wadda su ke kira nasi lemak. Ga babura, ga jirgin ƙasa na cikin gari yana kai da kawowa, ga kasuwar Chow Kit a maƙwabta, inda ciniki ke tashi tun kafin asuba. Mutumin Kampung Baru a cikin hayaniya ya ke kwana, a cikinta ya ke tashi, kamar dai mu. Shi ya sa muka so mu san inda mutanen birnin nan ke zuwa in kansu ya ɗau zafi.

Musulmi su ne mafi yawa a ƙasar, sun fi kashi 60 cikin 100. Masu bi musu su ne mabiya Buda, kusan kashi 19 bisa ƙidayar 2020, yawancinsu Sinawa. Shi Buda ɗan sarki ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yanzu, kamar shekara 500 kafin Annabi Isa, ya bar gidan sarauta ya tafi neman maganin damuwar ɗan Adam. Suna da tsohon wurin ibada a unguwar Brickfields, kudu da Kampung Baru, wanda baƙi daga tsibirin Silon suka kafa a 1894. A cikin al'adunsu wadda ta fi ba mu mamaki ita ce zaman shiru na kwana goma.

Wanda ya yaɗa irin wannan zama a duniya, abin sha'awa, ɗan kasuwa ne. Sunansa Goenka, Ba'indiye ne haifaffen Mandalay ta ƙasar Bama a 1924. Ya yi dukiya tun yana saurayi, amma ciwon ɓarin kai ya hana shi sakat, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu abin ya faskara. Daga nan ya je wurin wani malaminsu mai suna U Ba Khin, babban akawun gwamnatin Bama, ya koyi zaman. A 1969 ya koma Indiya ya fara koyarwa, bai daina ba har ya rasu a 2013. Almajiransa suna da gida a Maleshiya mai suna Dhamma Malaya, kusa da Kuantan, tafiyar kamar awa uku a mota daga Kuala Lumpur.

Ga yadda a ke yi. Ran da mutum ya shiga sai ya miƙa wayarsa da littattafansa da alƙalami. Ya ɗauki alkawari biyar: ba kisa ko da na sauro ne, ba sata, ba kusantar mace, ba ƙarya, ba abin maye. Maza daban, mata daban. Ba ya magana da 'yan'uwan zama, ba ya yi musu ishara, ba ya ko haɗa ido da su. In wata larura ta taso, malami kaɗai ko mai kula da gida zai yi wa magana. A kan buga ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, a fara zama 4 da rabi. A karya kumallo 6 da rabi, a ci na rana ƙarfe 11, shi ke nan kuma abinci ya ƙare, sai shayi da ɗan 'ya'yan itace ga sababbi ƙarfe 5 na yamma. In aka haɗa, zaman ya kan kai awa goma kowace rana. Ba a biyan ko anini, waɗanda suka gama su ke ba da abin da ya sawwaƙa don na bayansu.

Kwana uku na fari ba abin da mutum ke yi sai lura da numfashinsa, yadda iska ke shiga hanci tana fita. Da ji kamar wasa, amma wanda duk ya gwada zai tarar kafin ya yi numfashi goma zuciya ta tafi wurin bashi, ta tafi wurin wanda ya zage shi bara, ta dawo ta kan farashin kaya. Aikinsa ya komo da ita, ta gudu ya sake komowa da ita. Daga rana ta huɗu sai a sa shi ya riƙa bin jikinsa da hankali daga ka zuwa ƙafa, yana lura da zafi, da ƙaiƙayi, da tsamin gwiwa, ba tare da ya zabura ba. Hujjarsu ita ce, fushi da kwaɗayi duk a jiki su ke fara tsirowa, ƙirji ya yi zafi, numfashi ya ƙaru, sa'an nan baki ya buɗe. Wanda ya saba ganin abin tun yana tsiro, ya sami damar kame bakinsa. Ran goma a ke sakin harshe. Har a kurkukun Tihar na Indiya an yi wa fursunoni wajen 1,000 irin wannan zama a 1994.

To, mu ba mu shiga ba, dalili kuwa a fili ya ke. Cikin sharuɗɗansu akwai cewa mutum ya ajiye kowace irin ibada tasa har kwanakin su cika, Musulmi kuwa ba shi da ranar ajiye salla. Amma hikima kayan mumini ce. Abin da suka gane gaskiya ne, kuma kowace uwar gida ta san shi: ruwan rafi in an ɗebo shi da gurɓata, ba a gyara shi da motsawa, ajiye tulun a ke yi har laka ta kwanta.

A babban masallacin Kampung Baru muka ga yadda Musulmin wurin ke ajiye nasu tulun. Masallacin ya yi suna a duk ƙasar saboda wani fate na shinkafa da nama da madarar kwakwa da kayan yaji, bubur lambuk, wanda a ke dafawa a manyan tukwane kowace rana cikin azumi, a raba wa dubban mutane kyauta bayan la'asar. Da rana wurin sai ka ce kasuwa. In goman ƙarshe ta kama kuwa, da dare ya raba sai ka ga ma'aikatan ofis da direbobi da masu tebur sun bar kome sun zauna, wannan da Alƙur'ani, wancan da carbi, fitilun benaye na haskawa a waje ba mai ɗaga kai.

Su Malayawa mazhabar Shafi'i su ke bi. A wurinsu ko ɗan lokaci kaɗan mutum ya zauna a masallaci da niyya ya sami i'itikafi, ba lalle sai da azumi ba, don haka da yawansu su kan ƙulla niyya duk sa'ad da suka shiga. Mu Malikawa, kamar yadda malamanmu suka karantar, sai da azumi, mafi ƙaranci yini da dare, abin da aka fi so kuwa kwana goma. Kun ga adadin ya zo ɗaya da na masu zaman shiru. Bambancin shi ne, su numfashi su ke tsaro, mu ambaton Allah mu ke yi. Shiru shi kaɗai ba ibada ba ne a shari'armu, abin da aka nema shi ne barin zancen banza da ciniki da gardama. Masu ɗariƙa sun san halwa, su ma 'yan Naƙshabandiyya na can suna da tasu, suluk, ta kwana 10 ko 20 ko 40, inda a ke rage ci da barci da magana.

Unguwar nan ta san abin da harshe ke jawowa. Bayan zaɓen 10 ga Mayu 1969, waɗanda suka ga sun yi nasara suka zaga gari suna ba'a da habaici, waɗansu suka bi ta gefen Kampung Baru. Ran 13 ga wata faɗa ya ɓarke tsakanin Malayawa da Sinawa, daga nan unguwar ya soma, ya watsu cikin birni. Hukuma ta ƙidaya mutum 196 da suka mutu, aka rufe majalisa har 1971. Maƙwabta ne da suka shekara suna ciniki da juna. Baki shi ke yanka wuya, in ji magabata, kuma mu mazauna zongo, da mu ke zaune cikin ƙabilu da addinai iri iri, mun fi kowa bukatar tuna wannan.

Ɗan kasuwa bakinsa ne jarinsa, ba mai ce masa ya rufe rumfa ya tafi daji. Amma wanda ya yini yana taya, ya kwana yana lissafi, ga waya a kunne har kan buzun salla, kada ya yi mamaki in hawan jini ya kama shi, ko ya faɗa wa abokin cinikin shekara ashirin maganar da ba ta ɗaukuwa. Shawararmu ga jama'a guda uku ce. Mai iko ya shirya tun yanzu ya shiga i'itikafi bana, ya damƙa wa ɗansa ko yaronsa rumfa, ya bar waya a gida. Wanda bai iya ba, ya riƙe zaman nan na bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, ba hira. Na uku, in rai ya ɓaci a kasuwa ko a taron unguwa, a ji zafin ƙirjin tukuna, a yi numfashi, a nemi tsari, sa'an nan a ba da amsa. Mutanen Kampung Baru ba su bar tsakiyar birni ba, a nan inda su ke su ke neman natsuwarsu, mu ma masallatanmu ga su nan a bakin kasuwa.

Allah ya ba mu ikon kame harsunanmu, ya zaunar da zongonmu lafiya, amin.