Naman Daji a Hanyar Yankari

Daga Bauchi, idan aka kama hanyar Gombe, a Dindima ake karkata dama zuwa Yankari. Da rani ciyawa ta bushe ƙayau, kuma nan da can za ku hango hayaƙi a gefen titi. Sau da yawa samari ne suka cinna wa daji wuta don su kori gafiya da zomo.

Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A ciki akwai giwaye da ɓauna da gwanki da mazo, ga birai da ke yawo har cikin masauƙin baƙi. Ga kuma ruwan ɗumi na Wikki, garau da shi, yara ba sa son fita daga ciki. Farauta a nan haramun ce a doka, kuma masu gadin daji sun sha rasa rayukansu a hannun masu shiga da bindiga.

Ba na ganin laifin manomin da ya kama zomo a gonarsa ya kai wa iyalinsa. A asibiti ina ganin yaran da tamowa ta kama saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma kilo ɗaya na naman shanu ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Addini ma ya halatta farauta don ci, da sunan Allah, ya kuma hana kashe dabba don wasa. A al'adarmu sai bayan girbi ake fita farauta, da damina daji ya samu hutu.

Farautar kasuwa ita ce damuwata. Mai ɗana tarkon waya ba ya zaɓe: mai ciki da mai shayarwa duk ɗaya ne a wurinsa. Giwa kuwa kusan wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak. Idan aka kashe uwa, shekaru ake yi kafin a mayar da gurbinta. Kuma wannan naman ba a ƙauye yake ƙarewa ba. Ana kyafe shi a kawo mana birni, mu masu albashi mu saya don marmari.

Ga kuma zancen lafiya. Zazzaɓin Lassa daga ɓera ake kamuwa da shi, ya fi yawa da rani, kuma Bauchi tana cikin jihohin da ya fi addaba. Yaron da ke tonon ramin ɓera ko fiɗa da hannu tsirara yana cikin haɗari.

Don haka, 'yan uwa mata, kafin a sa naman daji a tukunya, a tambayi mai sayarwa: wace dabba ce, daga wane daji? Wanda ya kasa amsawa, a bar masa kayansa. A gidajenku ana cin naman daji? Ku faɗa mana a ƙasa.