Masoyan Grateful Dead da Na Gani a San Faransisko

A titin Ashbury na birnin San Faransisko akwai wani gida mai lamba 710, wanda da wuya ka wuce ba ka ga baƙi tsaye a ƙofarsa suna ɗaukar hoto ba. Nan 'yan ƙungiyar kiɗan Grateful Dead suka zauna daga 1966 zuwa 1968. Jagoransu Jerry Garcia ya rasu a 1995, ƙungiyar kuma ta watse a shekarar, amma masoyanta, waɗanda ake kira Deadheads, har yau suna nan daram.

Na gane haka ranar da na je wasan Dead & Company, inda biyu daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar, Bob Weir da Mickey Hart, suka haɗu da mawaƙi John Mayer. Tun kafin a buɗe ƙofa, wajen fili ya cika kamar kasuwar ƙauye ranar ci: ga masu abinci, ga masu rinannun riguna kala-kala, ga dattijo mai furfura riƙe da jikansa. Wasu na yawo da yatsa ɗaya a sama, alamar ba su da tikiti. A gabana wata mata ta miƙa wa wani saurayi tikiti kyauta, ta yi gaba ba ta ko tambayi sunansa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin wannan ƙauna. Ƙungiyar Grateful Dead ta yi wasa fiye da sau 2,300 cikin shekara 30, kuma ba ta kaɗa waƙa yau yadda ta kaɗa ta jiya. Waƙar minti biyar sai ta kai minti ashirin, makaɗan na sauraron juna suna ƙirƙira nan take. Shi ya sa mutane suka riƙa bin su gari-gari. Sannan, maimakon su hana ɗaukar sautin wasansu, a 1984 suka ware wa masu rikoda wuri na musamman, da sharaɗin a yi musayar kaset, kada a sayar. A ganina, wannan kyautar ce ta raya su.

A ranar wasan, wanda ya zauna kusa da ni bai kai shekara talatin ba, bai taɓa ganin Garcia ba. Amma ya kawo mini labarin wasan Grateful Dead na Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu, 1977, waƙa bayan waƙa, domin a intanet ya saurare shi, kyauta.