Kafin A Kunna Inji

Duk wanda ya je sayen kujera ko kabad wurin kafinta, abin da yakan fara yi shi ne ya shafa ta da tafin hannu. Ido yana iya ruɗuwa da ƙyallin fenti, amma hannu ba ya ruɗuwa. In akwai kaushi ko sartse nan take zai ji. Wannan santsi da mai saye ke nema kuwa samfefa ce ke kawo shi, kuma a yawancin rumfunan kafintocinmu aikin yaron shago ne, ya wuni yana gurza har yatsunsa su yi kanta. Saboda haka da ɗakin koyon sana'a na makarantarmu ya sami ɗan ƙaramin injin samfefa irin na ɗorawa bisa benci, sai ɗalibai suka ɗauka wahala ta ƙare. Mu kuwa malamansu muka san aiki ne ya same mu, domin injin da ke cinye katako cikin 'yan daƙiƙoƙi bai san bambancin katako da yatsa ba.

Ga mai karatun da bai taɓa ganinsa ba, injin bai fi mutum ɗaya ya rungume shi ya ɗauka ba. Abu biyu yake juyawa a lokaci guda. A sama akwai bel na samfefa mai faɗin inci 4 da tsawon inci 36, yana zagaya ganguna biyu. A gefe kuma akwai faifai mai faɗin inci 6 da aka manna wa samfefa, da ɗan teburin ƙarfe a gabansa inda ake aza katako. Bel shi ke gyara fuskar katako da dogon gefensa, faifai kuwa shi ke daidaita baki da kusurwa da zagaye.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to haka ma ba a gyara inji yana cikin gudu. Abu na farko shi ne a ɗaure shi a benci da noti, don in an bar shi sake, girgiza za ta riƙa tura shi har ya kai bakin benci. Na biyu, a karanta ɗan allon da ke jikinsa. Wutarmu a Nijeriya mai ƙarfin 230 ce, na hannu da ake kawowa daga Amurka kuwa yawancinsu na 120 ne, wanda duk ya cusa irinsu a soket ba taransifoma, to ya yi sallama da kuɗinsa.

Daga nan sai bel, kuma ba a taɓa shi sai an zare waya daga soket. In an juya cikinsa galibi za a ga kibiya, wadda dole ta fuskanci inda ganguna ke juyawa, in ba haka ba mahaɗin bel ɗin yana iya ɓallewa. Bayan an sa shi an ɗame, sai a gungura da hannu a gani ko yana bin tsakiya. In yana karkata gefe, akwai ɗan maburgi da ake murzawa kaɗan-kaɗan har ya daidaita. Wanda ya tsallake wannan, bel zai yi ta gogar ƙarfen injin har ya yage. Teburin faifai kuma da sukwaya ake daidaita shi, a tabbatar ya tsaya cif a kan digiri 90, sa'an nan ratar da ke tsakaninsa da faifai kada ta wuce milimita 2. Wannan 'yar rata ita ce ke fizgar siririn katako, ta ja yatsan mai riƙe da shi.

Mun lura cewa ɗalibin da ya tarar da inji a shirye ba ya sanin darajar shirin. Don haka mukan kwance teburin da gangan kafin darasi, mu sassauta bel, mu miƙa wa yaro sukwaya da sifana. Sai ya mayar da komai daidai mun duba, sa'an nan a ba shi izinin kunnawa. Wasu sukan yi guna-guni cewa rabin darasi ya tafi ba a gurza komai ba. Mukan ce musu ai wannan rabin shi ne darasin.

In an zo aiki, faifai yana da gefe biyu, ɗaya yana gangarowa ƙasa, ɗaya yana hawa sama. A gefen da ke gangarowa kaɗai ake aza katako, domin can ne juyawar ke danne shi a kan teburi; a ɗaya gefen kuwa ɗaga shi za ta yi ta wurgo wa mutum a fuska. Haka kuma bakin faifai ya fi tsakiyarsa gudu: wurin da ke nesa da cibiya da inci 3 ya ninka wanda ke inci 1 sauri sau uku. Shi ya sa ba a tsayar da katako wuri ɗaya, kuma ba a danna shi da ƙarfi, don zai ƙone ya yi baƙin tabo wanda banish ba ya rufewa. A kan bel kuwa, ana tokare katako da matokari, a bi yadda jijiyarsa ta kwanta. Ita ma samfefar lamba-lamba ce: 60 ko 80 mai kaushi ce ta rage nama, 120 ta share sawun da ta farko ta bari, 180 ta kawo santsi. Mai gaggawar da ya tsallake lamba, fenti ne zai tona masa asiri.

Babban abin da muke nanata wa ɗalibai shi ne, inji ragewa yake yi, ba ya ƙarawa. A ja layi da fensir, a yanka da zarto dab da layin, sai a gurza a tsaya a kansa. Ƙafar kujerar da aka zarce wa layi ta gajarta ke nan har abada.

Akwai kuma haɗurran da suka shafe mu musamman. Tufafinmu masu yalwa ne. Hannun kaftani ko bakin hijabi yana iya naɗewa a ganga kafin ƙiftawar ido, saboda haka sai an naɗe an tsuke, an cire zobe da agogo. In aka ɗauke wuta ana cikin aiki, sai a kashe injin nan take, kada a maido ta ya tashi da kansa alhali hannun wani yana kai. Ƙurar katako ma ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo, musamman a kogon hanci, ƙurar iroko kuwa an san tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Don haka takunkumi da tabarau dole ne, a buɗe tagogi, a share ƙura bayan kowane darasi. Kuma ba a wasa ƙarfe a injin da ƙurar katako ta taru a cikinsa, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara.

Wataƙila mai karatu ya ce wannan tsanani ya yi yawa a kan ɗan inji guda. To, mu da muka yi ƙaramar sakandare a shekarun 1990 muna da dalili. Bayan an soma tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyon sana'a masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa a cikin akwatunansu suka tsufa, wani wuri babu wuta, wani wuri babu ɗaki, wani wurin kuma babu wanda ya iya haɗa su. A allo muka zana injuna, muka haddace sunayen sassansu, muka ci jarrabawa, ba mu taɓa jin ƙarar ko ɗaya ba.

Yaran da ke gabanmu yau amana ce iyayensu suka ba mu, kowane da yatsu goma. Burinmu mu mayar da su da goman nan cif, tare da sana'ar da za su ci abinci da ita. Yaron da ya saba ɗaukar sukwaya kafin ya kai hannu ga makunni, ko wane irin inji ya tarar gobe a masana'anta, zai tsaya ya duba tukuna. Allah Ya tsare mana su, Ya sa wa hannuwansu albarka, amin.