Abincin Lahadi a Kezik

Kezik ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin Ingila, yana bakin tafki, duwatsu sun kewaye shi. Tun shekarar 1875 masu bi suke taruwa can domin nazarin Maganar Allah. Mu ma Ubangiji ya ba mu zarafi muka je a watan Yuli, mu huɗu.

Ran Lahadi da aka tashi daga sujada, muka shiga mota muka zaga ƙauyuka. Ruwa ya tsuge, yunwa kuwa ta kama mu. Wurin abinci ɗaya kaɗai muka tarar a buɗe, shi ne irin gidan nan da Turawa ke kira fob. Asalinsa gidan giya ne, amma iyalai sukan je da 'ya'yansu su ci abincin rana. Tun 2007 ma doka ta hana shan taba a ciki. Muka yi ta shawara a bakin ƙofa, daga baya muka shiga.

Muka zauna kusan rabin sa'a, ba wanda ya ce mana sannu. Ashe a al'adarsu sai mutum ya tashi ya je kanta, ya faɗi abin da yake so, ya biya. Wannan kam rashin saninmu ne, amma ma'aikata suna ganinmu, ba wanda ya fahimtar da mu. Da muka biya, sai da aka ƙara sa'a guda kafin abinci ya iso. Gasasshen naman sa ne da dankali da romo, abincin da suke taƙama da shi ran Lahadi. Naman ya bushe kamar ƙirgi, dankalin ya huce, romon kuma ya daskare. Yarinyar ta dangwarar da faranti ta wuce, ko kallonmu ba ta yi ba.

Ranmu ya ɓaci. Amma da muka lura, ita kaɗai ce ke hidimar teburori duka, har hannunta na rawa. Sai babbarmu ta kira ta, ta ce mata sannu da aiki. A nan ne muka fara ganin murmushinta.

A hanya muka gane ba naman ne ya fi yi mana zafi ba, rashin maraba ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sai ɗayanmu ya tambaya, baƙi nawa suka zauna a bencin baya na majami'armu, aka tashi suka tafi ba wanda ya gaishe su? Muka yi shiru.

'Yan'uwa, mu karanta Ibraniyawa 13:2 tare da iyalinmu a daren yau. Lahadi mai zuwa kuma, kafin mu gaisa da sanannunmu, mu fara neman fuskar da ba mu sani ba.