Ada Foah, inda Volta ke faɗawa teku

Ashe akwai wuri irin wannan kusa da mu! Kilomita ɗari da 'yan kai ne gabas da Akra, hanyar Aflao, a Kasseh a karkata kudu. Da ƙyar na shawo kan Mma, wai me tsohuwa za ta je yi a bakin teku. Asabar da asuba dai muka bar Nima a motar trotro.

Garin shiru, sai bishiyoyin kwakwa da kwalekwale masu fenti jere a kan rairayi. Wani mai jirgi ya kai mu wajen Azizanya, can bakin kogi. Jama'a, wani siririn tsiri ne na yashi: a hannu guda Volta kwance lumui, yara na wanka, a ɗaya hannun teku na ta ruri yana dukan gaɓa. Mma ta tuɓe takalmi, ta ɗebi ruwan kogin ta yi alwala, ta taka zuwa ɗaya gefen ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Ke 'yar nan, ikon Allah! Ga su gab da juna, kowa da ɗanɗanonsa."

"Mma, ki ja baya, igiyar nan ba ta wasa!"

Ina! Ko gezau.

Da la'asar masunta suka fara jan taru, maza da samari layi biyu a kan igiya, suna waƙa da yarensu na Dangme. Mata na jira da manyan kwanoni. Kafin in ankara Mma ta kutsa cikinsu tana tayi da yatsu, ita ba Dangme, su ba Hausa, amma ciniki ya faɗa. Kifin aka gasa mana muka ci da dokunu da shito.

Gishiri ne ya fi tayar mata da tsumi. Da ta ji cewa tafkin Songor, inda ake kwasarsa, yana nan yamma da garin, sai ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba: yadda ake loda gishirin Ada a kwalekwale a haura Volta da shi har Kete Krachi, fatake su kai Salaga, kasuwar goro. Kakanta ma fatauci ne ya kawo shi ƙasar nan daga Kano.

Lahadi buhun gishiri guda ta saya, ni ta ɗora wa, kuma har Tema tana rigima da yaron mota kan kuɗin kaya.