Motar gida, motar sukuwa

Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuwa shekara 3 ke nan ina neman tauna su da tsohuwar Peugeot 504, wadda nake so ta kai yara lakwal ran Litinin, ta yi sukuwa a fako ran Lahadi.

Ba da ka na zaɓe ta ba. Irinta ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, kuma makanikan Maradi da Damagaram sun san cikinta sarai. Na fara da burki da amortisar da babban radiyato, domin zafin bazara ya fi kowane tsere kashe inji. Sai da ta iya tsayawa kana na nema mata gudu, na sa mata karburato Weber guda biyu.

Amma kowane ƙari da kuɗinsa. Taurin ƙafa da ke riƙe ta a kwana, shi ke jijjiga mahaifiyata a hanyar likita. Esansin mako ya koma na kwana 4. Da makaniki ya ce a cire kujerar baya don ta rage nauyi, sai na ƙiya, domin wurin ƴaƴana ne.

Nan na ja iyaka. Masu motar tsere zalla suna wuce ni, ba na baƙin ciki. Bisa gudron kuwa, inda almajirai da amalanke ke ratsawa, ba na gwada ƙarfinta. Wanda bai iya raba fage da hanyar jama'a ba, kada ya taɓa injinsa.