Ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

A kemis, kafin mai saye ya tambayi kuɗin magani, sai ka ga ya juya kwalin yana duba ƙananan rubutun da ke bayansa. "Malam, na waje ne?" In aka ce na Ingila ne ko na Jamus, hankalinsa ya kwanta, ya biya ba ciniki. In aka ce a Legas aka yi shi, sai ya ɗan yatsine fuska: "Babu mai ƙarfin?" Haka ma a Kantin Kwari, Holan ake fara nema in za a haɗa lefe.

Ban ga laifin mai neman abu mai kyau da kuɗin guminsa ba. Amma akwai tambayar da ba na jin ana yi a bakin kanta: in kayan nan ya cuce ni, wa zan kama?

Badukun da ya ɗinka maka takalmi a Ƙofar Wambai, in maɗaurin ya tsinke ka san inda yake. "Haba Alhaji, kawo in gyara maka." Gobe ma a nan zai zauna, kuma maƙwabtan rumfarsa suna jin ku. Kunyar idon jama'a kaɗai ta isa ta sa ya ɗauki basilla.

Na gida ma yana kisa. A 2008 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya hallaka yara 84. Sai dai masana'antar tana da ƙofa, kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta je ta garƙame ta. A 2013 kotu ta yanke wa ma'aikatanta biyu ɗaurin shekara bakwai. Wannan bai dawo da ran kowa ba, amma an ga mutum tsaye gaban alƙali.

Kanawa kuwa sun san yadda ake bin wanda ƙofarsa ke hayin teku. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya samu izini, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Likitocinsa sun tattara sun koma tuntuni. Uban da ko Abuja bai taɓa zuwa ba, sai ga ƙararsa a kotun New York.

Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Diyyar farko ta fita a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, ga iyalai huɗu. Shekara 15 ke nan. Yaran da suka rayu sun zama samari da 'yan mata.

A 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna na tsawon watanni, labarin Trovan yana cikin hujjojin da ake kawowa a majalisu da ƙofar gidaje. Cutar shan inna ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a wannan tsakanin ba sa cikin lissafin diyyar kowa.